Malam Aminu Kano Kafin Siyasa: Malamin Makarantar da Bai San Zama Ba

   

A yau cikin yardar Allah ina so mu waiwayi tarihin mutumin da da wuya a sami Bahaushen da bai san sunansa ba, wato marigayi Malam Aminu Kano. Idan aka ambace shi a majalisar dattawanmu, nan da nan hira takan koma kan NEPU da PRP, da gwagwarmayar talakawa, da soke haraji da jangali. Duk wannan gaskiya ne. To amma kafin ya taɓa hawa dandamalin siyasa, Malam ya shafe kusan shekara takwas, tsakanin 1942 da 1950, yana riƙe da alli a gaban allo. Wannan ɓangare na rayuwarsa shi ne ba mu cika tattaunawa a kai ba, kuma a nawa ganin shi ne ya fi shafarmu, mu da muke renon 'ya'ya a Kurmi.

Asali da karatu

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Gidansu gidan malanta ne da alƙalanci, daga zuriyar Genawa. Mahaifinsa Malam Yusufu ya yi aikin muhuti a kotun alƙali a Kano. Ke nan da karatun allo ya buɗe ido, kamar yawancinmu. Daga baya ya shiga makarantar elemantare ta Shahuci, sannan Midil ta Kano. Tun a nan aka fara gane irin yaron da ake tare da shi, domin yana cikin jagororin ɗaliban da suka yi bore a kan ƙarancin sabulu da rashin kyawun abinci.

Daga Midil ya wuce babbar kwalejin nan da aka kafa a Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ita ce kuma Barewa ta yau da ke Zariya. A can ya kamu da son wasan kwaikwayo, har ya riƙa rubuta nasa da Hausa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi tunawa shi ne "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?" Mai karatu, sunan kaɗai ya isa ya nuna maka inda hankalin matashin ya karkata: yana kallon yadda ake zaluntar mai ƙaramin ƙarfi, yana kuma neman hanyar da zai nuna wa mutane abin cikin raha.

A 1942 ya kammala da takardar shaidar malanta, aka tura shi Midil ta Bauchi. Lokacin bai wuce shekara 22 da haihuwa ba.

Midil ta Bauchi

Ya kamata a nan in ɗan yi bayani saboda ƙannenmu da ba su san tsarin da ba. A zamanin Turawa yaro yakan fara da elemantare, idan ya yi ƙoƙari sai a ɗauke shi zuwa Midil, wadda galibi guda ɗaya ce tak a lardi, ta kwana ce kuma. Kaɗan ne ƙwarai suke wucewa daga nan zuwa Kwalejin Kaduna. Saboda haka Midil ita ce makaranta mafi girma da yawancin 'yan boko na wancan zamani suka taka, ita ce kusan matsayin sakandare a wurinmu yau. Daga cikinta ake samun malaman makaranta, da akawuna, da ma'aikatan En'e. Duk wanda ke koyarwa a Midil, to manyan gobe na lardin gaba ɗaya ne a hannunsa.

Tsarin makarantun kuwa na tsoro ne. Malami yana can sama, ɗalibi yana can ƙasa, tsakaninsu sai gaisuwa da bulala. Ana buga ƙararrawar tashi, malami ya naɗe littattafansa ya yi gida, shi ke nan sai gobe.

Sai ga wannan saurayi ɗan Kano ya zo da wani salo daban. Idan an tashi daga aji, maimakon ya tafi ya huta, sai ya zauna da ɗalibai ana tattaunawa. Yakan gayyace su gidansa, abin da ba a saba gani ba. Ya riƙa shirya musu wasannin kwaikwayo, su hau dandamali su yi magana a gaban jama'a. Ya kuma rungumi harkar 'yan sikawut da hannu biyu. Ka duba fa, babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ƙara masa ko sisin kwabo a albashi saboda shi.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne manufar wannan kai-komo. Yaron da aka tashe shi a kan cewa ba a ɗaga ido a gaban babba, ba a tambayar dalili, idan aka ɗora shi a dandamali aka ce yau kai ne alƙali, kai kuma kai ne talakan da aka kawo ƙara, to an koya masa abu biyu a lokaci guda. An koya masa buɗe baki, an kuma koya masa cewa abin da manya ke yi abu ne da za a iya dubawa a auna. Haka nan sikawut: yaro ya kafa tanti da hannunsa, ya dafa abincinsa, ya jagoranci 'yan uwansa, ya daina ganin aikin hannu a matsayin ƙasƙanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Malam kuwa ya san da wannan sarai.

A Bauchi ne Allah Ya haɗa shi da mutum biyu da tarihin Nijeriya ba zai manta da su ba. Na farko abokin aikinsa a makarantar, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya riga shi fara koyarwa a can har ya kai hedimasta, daga baya ya zama Firayim Minista. Na biyu Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi, wanda ya zame wa Aminu tamkar wa kuma jagora. Shi Sa'adu namu ne ta wani ɓangaren, domin shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934, nan kusa da mu, ya kuma sake dawowa Legas a ƙarshen shekarun 1940 a matsayin sakataren jam'iyyar NCNC.

Daga aji zuwa gari

Kuzarin Malam bai tsaya a harabar makaranta ba. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malamai da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa ke haɗuwa ana muhawara kan al'amuran jama'a, shi ne kuma sakatarenta. Da farko hukuma ta yi na'am da abin, tana ganin hira ce kawai ta 'yan boko. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai tambayoyin Aminu da Sa'adu suka fara zafi, aka shiga tattauna shi kansa tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna. A wani zama Malam ya nemi a gaya masa ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Ba a daɗe ba aka rufe majalisar. Su kuwa ba su zauna ba, suka ci gaba da haɗuwa a ƙarƙashin wata sabuwar ƙungiya.

Idan muka duba da kyau, abin da yake yi da manya a majalisar shi ne dai abin da yake yi da yara a makaranta: a kawo magana a faifai, kowa ya faɗi hujjarsa, a yi tambaya ba tare da fargaba ba.

A 1946 ya sami gurbin ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya sauka Ingila a lokacin gwamnatin jam'iyyar Leba ta Clement Attlee, a zamaninta ne kuma Indiya ta sami 'yancin kai a watan Agustan 1947. A shekarar ne ya halarci babban taron 'yan sikawut na duniya da aka yi a Faransa. Ya ga Bature yana dako, yana shara, yana haƙar kwal, ya ga 'ya'yan leburori suna zama ministoci saboda sun yi karatu. Labarin irin waɗannan tafiye-tafiye ne ya zuba a littafinsa "Motsi Ya Fi Zama", kuma ban san wani suna da ya dace da halin marubucinsa kamar wannan ba.

Da ya dawo gida, abu na farko da ya sa a gaba shi ne haɗa kan malamai 'yan uwansa. A 1948 Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa ta tsaya da ƙafarta, Malam yana kan gaba wajen kafa ta. Tana cikin ƙungiyoyin farko da suka haɗa 'yan Arewa daga larduna daban-daban a inuwa ɗaya, tun kafin jam'iyyun siyasa su yi ƙarfi. Buƙatunta kuwa su ne a kyautata albashi da darajar malami, a kuma gyara abin da ake koyarwa.

Daga nan aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a lardin Sakkwato na wancan lokaci, jihar Zamfara a yau. A can ya zauna tare da wani matashin malamin Larabci da addini, wato Malam Abubakar Mahmud Gumi. Ka ji ikon Allah, ƙaramin gari kamar Maru ya haɗa waɗannan mutum biyu a makaranta ɗaya. A Maru aikin Malam ya zama koyar da masu koyarwa, wato kowane ɗalibi da ya fita daga hannunsa zai je ya riƙe nasa ajin a wani ƙauye.

Ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa NEPU a Kano. Malam ma'aikacin gwamnati ne a lokacin, doka ba ta ba shi damar shiga siyasa a fili ba. A ƙarshen shekarar ya ajiye aikin koyarwa, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar. Amma duk wanda ya saurari dattawan da suka halarci laccocinsa zai ji abu ɗaya: bayani yake yi dalla-dalla, da misalai da barkwanci, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Ya kuma ci gaba da tafsirin Alƙur'ani, yana ta nanata maganar ilimin mata har ƙarshen rayuwarsa.

Shi ma ya sha ruwan Legas

Kada mu manta Malam ya yi zaman garin nan. A 1959 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya mai wakiltar Kano ta Gabas, majalisar kuwa a Legas take. A zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967 zuwa 1971, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Mambayya da ke Gwammaja yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, wato har bayan ransa gidan bai daina zama makaranta ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

To ina ruwanmu da wannan tarihi?

Zamanmu a Legas ba na jiya ba ne. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar da ake kira da sunan Hausawa, kuma tsofaffin sojoji irin waɗannan suna cikin waɗanda suka raya Obalende. A 1901 jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Legas da Ibadan, a shekarar ne kuma aka buɗe gadar Carter da ta haɗa Iddo da tsibirin Legas. Zuwa 1912 layin dogo ya haɗe da Kano. Daga nan tashar Iddo ta zama ƙofar da kakanninmu ke shigowa ta cikinta da shanu da fatu da wake, su koma da goro da gishiri da atamfa. Gonakin goro na yankin Agege su suka jawo fatakenmu har zango ya kafu a can.

Fiye da shekara ɗari ke nan. A cikin wannan tsawon lokaci mun fitar da manyan dillalan goro da na shanu, da 'yan canji, da masu motocin dakon kaya, da alarammomi da limamai, alhamdu lillahi. Damar boko ma ba ta guje mu ba. Agege tana cikin Jihar Yamma lokacin da gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a 1955. Gwamnatin tarayya ta kawo nata shirin a 1976. Alhaji Lateef Jakande, gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983, ya gina ajujuwa birjik, ya kawo ƙarshen karatun kamɓa-kamɓa na 'yan safe da 'yan rana. Makarantun nan a ƙofar gidajenmu aka gina su.

Amma mai karatu, don Allah ka ƙirga da yatsunka: a makarantun sakandaren da ke unguwarku, malamai nawa ka sani 'ya'yan zango? Ni dai a iya sanina ba su taka kara sun karya ba. Da yawa daga cikin yaranmu suna gama firamare, ko su kai aji uku na ƙaramar sakandare, sai a ce su zo su tsare shago. Wasu kuma su kama acaɓa. Mun kuwa ga abin da ya faru ranar 1 ga Yuni, 2022, da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Lagos Mainland inda Iddo take. Dare ɗaya matasa da dama suka wayi gari babu sana'a, babu kuma takardar da za su nemi wani aikin da ita.

Wani malami da na sani

Ni ma Allah Ya haɗa ni da malami mai irin wannan kuzari, a wata sakandaren gwamnati da ke Agege cikin shekarun 1980. Bayarabe ne, yana koyar da mu labarin ƙasa. Mutum ne da ban taɓa ganin ya zauna a kujera cikin aji ba. Kafin a tashi, rigarsa ta yi fari fat da ƙurar alli. Da muka zo darasin sufuri, sai ya ce kowa ya kawo kuɗin tikiti ranar Asabar, ya ɗebe mu a jirgin ƙasa daga Agege har Iddo. A tsakiyar tashar ya tsayar da mu 'yan Hausawan ajin, mu huɗu, ya ce mu lissafa wa sauran tashoshin da jirgi ke bi zuwa garin iyayenmu. Muka fara: Abeokuta, Ibadan, Oshogbo, Offa, Ilori, Jebba, Mokwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, Kano. Ya sa 'yan ajin suka zana taswirar a littattafansu daga bakinmu, tafiyar fiye da kilomita dubu. Sannan ya ja mu wurin wani dattijo mai huhunan goro, ya ce mu yi masa tafinta, ya yi ta tambayarsa yadda ake adana goro da ganye har ya kai Arewa bai lalace ba.

A ranar ne na fara jin cewa abin da ake yi a gidanmu ma ilimi ne da ake rubutawa a littafi. Kafin nan mu 'yan bayan aji ne, ba ma ɗaga hannu. Bayan nan sai ya zama duk abin da ya shafi Arewa mu ake juyowa a tambaya. Da mahaifin ɗaya daga cikinmu ya so cire shi daga makaranta, malamin nan da ƙafarsa ya taka har zango, ya tsuguna ya gaida tsohon da 'yar gurguwar Hausarsa, bai tashi ba sai da aka yi masa alkawarin yaron zai zana jarrabawar ƙarshe. Mu huɗun nan duk mun gama.

Shekaru bayan haka, da na karanta tarihin Malam Aminu a Bauchi, sai na ga ai hali ɗaya ne. Ɗaya Bafulatanin Kano, ɗaya Bayarabe, tsakaninsu shekara arba'in, amma dukkansu sun ɗauka cewa aikin malami bai ƙare da ƙararrawar tashi ba. Tambayar da ke damuna ita ce: idan baƙo zai yi wa 'ya'yanmu haka, me zai faru da a ce a kowace makaranta akwai ɗan zango guda ɗaya mai irin wannan zuciya, wanda ya san gidajen, ya san harshen, ya san abin da ke sa uba ya cire ɗansa daga aji?

Abin da ya rage mana

Shawarata ta farko ga iyaye ce. Mu bar yaran nan, maza da mata, su kammala sakandare. Shago ba zai gudu ba. Yaron da ya iya lissafi da Turanci da Yarabanci da Hausa ya fi amfani a shagon ma.

Ta biyu ga ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da masu unguwanni da sarakunan Hausawa. Muna tara kuɗi don gina masallaci, da kai gawa gida, da belin ɗan uwa idan ya shiga matsala, kuma duk ayyukan lada ne. To mu ƙara da guda ɗaya: kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin yaro ko yarinya biyu a shekara su yi karatun malanta, da sharaɗin su dawo su koyar a unguwa. Ba sai an je nesa ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Akoka kusa da Yaba, ga kuma Jami'ar Ilimi ta Jihar Legas da aka kafa a 2022. Hausa kanta darasi ce da ake zanawa a jarrabawar WAEC da NECO, amma yaro ba zai zana ta ba idan babu mai koya masa.

Ta uku ga matasanmu da Allah Ya ba karatu. Na san albashin malami ba ya burge kowa, a zamanin Malam ma haka abin yake, shi ya sa ya kafa ƙungiya. Wanda ba zai iya ɗaukar koyarwa a matsayin sana'a ba, ya ba da yammacin Asabar ɗaya. A tara yaran layi a zauren Islamiyya, a duba musu lissafi, a shirya musu muhawara, a bar su su yi wasan kwaikwayo a kan rayuwar zango. Malam Aminu bai jira an ba shi kasafin kuɗi ba kafin ya buɗe wa ɗalibansa ƙofar gidansa.

Ta ƙarshe, mu girmama malaman da ke koyar da 'ya'yanmu yanzu, ko wace ƙabila ce, ko wane addini. Mu riƙa halartar taron iyaye da malamai, mu san sunayensu, mu gaishe su idan mun haɗu a hanya. Malamin da ya san uban yaro yana bibiya ba zai bar yaron a bayan aji ba.

A nan zan dasa aya. Idan akwai dattijon da ya yi zamani da Malam a Legas, ko wanda mahaifinsa ya yi karatu a hannunsa a Bauchi ko Maru, don Allah ya taimaka mana da abin da ya sani, domin irin wannan tarihi a bakin mutane yake, kuma masu shi suna ta tafiya. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, Ya shirya mana zuriya, Ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin summa amin.